Allon Bas Mai Yawo

Shagon Mama yana daidai kwana, inda babban titi yake lanƙwasowa ya shigo layinmu. Ƙaramin shago ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Akwai biredi, da sabulu, da sukari, da ganyen shayi, da biskit, da wani firji mai gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. A waje kuma rumfar kwano ce da dogon benci. Amma abin da ke riƙe da shagon ba ya cikinsa. Allon bas ne da ke tsaye a bakin ƙofa.

Allon ba wani abin kallo ba ne. Dogon ƙarfe ne mai faifai a kai, an zana hoton bas, an dasa gindinsa cikin tsohuwar taya da aka cika da siminti. Lokacin da ake gyaran titi ma'aikatan kamfanin bas na gwamnati suka ajiye shi a nan, suka ce na wucin gadi ne. Aka gama titi, titi ya tsufa har ya fara ramuka, ba su waiwayo ba. Inda allo yake nan bas take tsayawa, inda bas take tsayawa nan mutane suke jira, mai jira kuwa ba ya rasa tuna cewa sabulun gida ya ƙare.

Bayan Baba ya bar aiki Mama ta buɗe shagon. Kafin nan na san ta da shiru, daga kicin sai ɗaki. Shago ne ya buɗe mata baki. Cikin ɗan lokaci ta san wanda ɗansa ke haƙora, da wadda mijinta ya sami canjin aiki, da wanda likita ya hana sukari amma yake zuwa saye a ɓoye. Daga cikin gida nakan jiyo dariyarta, dariyar da ban san tana da ita ba.

Baba direban bas ɗin gwamnati ne har ya yi ritaya. Ranar da aka sallame shi aka sallami motarsa ita ma, sai abokan aikinsa suka kwance madubinta na gefe suka ba shi. Babban madubi ne mai ɗan tudu a tsakiya, irin wanda yake kwaso titi gaba ɗaya ya matse shi wuri guda. Baba ya kafa shi a falo, sama da rediyo. Kullum da safe sai ya hura masa iska ya goge da gefen riga, kuma babu wanda ya isa ya duba fuskarsa a ciki. Wai ba na kwalliya ba ne, na aiki ne.

A ganin Baba, duk abin da ya lalace a duniya don an cire hannun gwamnati ne. A ganin Kawu, ƙanin Mama, duk abin da ya lalace don an sa hannun gwamnati ne. Kawu yana da shago a tsakiyar layi, yana sayar da caja da katin waya da lemo mai sanyi da duk abin da ya ji wani ya nema jiya. Da yamma sukan haɗu a bencin Mama su ɗora daga inda suka tsaya, Kawu yana kiran Baba Gwamnati, Baba yana kiransa Jari.

"Ranka ya daɗe, Gwamnati," in ji Kawu, yana cire hula da tsokana. "Yau me za a ƙwace a raba?"

"Zauna, Jari. Wa ya yi titin nan da kake kasa kayanka a bakinsa? Kasuwa ce ta yi?"

"Wa ya bar ramukan da ke cikinsa? Ni ne?"

"Auta, ke kika yi jami'a, faɗa wa kawunki."

"A'a, faɗa wa babanki dai."

Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in shiga sake jera sabulun da na riga na jera. Tun da na gama karatu nake taya Mama zama a shago, kuma na koyi cewa bayan kantar biredi wuri ne mai kyau na ɓuya.

Wata safiya muka ɗaga ƙofar shago muka tarar babu allo. Inda taya take zaune sai wani zagayayyen tabo, da sawu a ƙasa kamar na ƙaton maciji. Mama ta bi sawun da ido, ni na bi bayanta. Can tsakiyar layi muka hango allon tsaye a ƙofar Kawu, mutane sun kewaye shi, Kawu yana ta miƙa lemo. Har biredi ya kawo ya jera.

Mama ta gyara mayafi ta nufe shi.

"Kai, ashe ba ka da kunya?"

"Ina kwana, Yaya. An tashi lafiya?"

"Allona ne ya yi ƙafa?"

"Allonki? Da sunanki a jiki? Yaya, wannan ita ake kira gasa. Wanda ya riga tashi shi ne da kasuwa. Ba gaba ba ce, wallahi, in kin zo sayen caja ma zan rage miki."

"Ni na goya ka."

"Kin goya ni, Allah ya saka. Amma kasuwa ba ta san goyo ba."

Mutanen da ke jira suka tuntsire da dariya, har Mama sai da ta kau da kai don kada ya ga bakinta ya motsa. Da ta dawo ta zauna a kan kujerarta ta daɗe tana kallon tabon taya. Sannan ta ce da ni, ba da wasa ba, "Auta, in allon nan ya bar ƙofata gaba ɗaya, kashe firji zan yi in rufe, in koma ciki."

Washegari da sassafe ni da Mama muka je muka kwantar da allon muka gangaro da shi. Nauyi gare shi kamar an cika shi da zunubin unguwa. Amma Kawu ya riga ya koya wa layi duka cewa allo yana gangaruwa. Kwana ɗaya ya yi a wurinmu, sai ya wayi gari a ƙofar mai aski. Daga nan mai kemis ya ce marasa lafiya sun fi kowa buƙatar bas. Tela ya ce ai shi ma yana biyan haraji. Har mai walda, wanda babu wanda ya taɓa sayen ƙofar ƙarfe don yana jiran mota, ya ja shi zuwa gabansa, wai don kada a raina shi.

Mutane suka koma fitowa daga gida suna tambaya, "Yau ina bas take?" Wata rana aka gangara allon sau biyu kafin azahar, direba ya tsaya inda ya gan shi da safe, fasinjoji suna can wani wuri suna ɗaga hannu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ku mutanen layin nan, ku tsayar da magana ɗaya mana! Tasha nake nema ko ɓatacciyar akuya?"

Baba kuwa daɗi ya cika shi. Ya sami hujja a ƙofar gida.

"Ka gani ko, Jari? Ga kasuwarka nan tana yawo a kan taya."

"Haƙuri za a yi, za ta daidaita kanta."

"Ta daidaita bayan wa? Mai aski tun jiya da ƙyar yake miƙewa."

Ya tara masu shaguna a ƙarƙashin rumfar Mama, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya kafa kwamiti, kwamiti ya zaɓe shi shugaba tun kafin ya gama bayani. Ya ce allo na jama'a ne, don haka za a raba shi daidai wa daida. Kowane shago mako guda, daga wannan bakin layi zuwa wancan, babu babba babu yaro. Aka yi tafi. Mama tana daga cikin shago ta ɗaga murya.

"Malam, to ni da allon ya shekara da shekaru a ƙofata fa?"

"Ke ma mako guda, kamar kowa."

"Ni matarka ce fa."

"Shi ya sa ma. In na fifita ki, da wane ido zan dubi jama'a?"

Mama ta juyo ta dube ni. "Kin ji. Ɗaya ya ce kasuwa ba ta san goyo ba, ɗaya ya ce adalci bai san aure ba. Allah ya haɗa ni da masu ilimi."

Don ya nuna babu son kai, Baba ya sa aka fara daga can ƙarshen layi, shagonmu ya zama na ƙarshe. Tsarin ya yi kyau a baki. Mutane sun san inda za su tsaya, mai aski ma bayansa ya warke. Sai dai allo ya yi makonsa cur a ƙofar mai walda, fasinjoji suna toshe kunne suna kare ido daga tartsatsi. Ya yi wani makon a gaban shagon da mai shi ya yi tafiya ya kulle, domin Baba ya ce rashin mutum ba ya soke haƙƙinsa. Mu kuwa biredinmu yana bushewa. Mama ta rage abin da take karɓa daga gidan biredi, ta sake ragewa. A gida muka ci busasshen biredi da shayi har Baba ya fara tambaya ko babu wani abu.

"Akwai," in ji Mama. "Sai makonmu ya zo."

Ana cikin haka na lura da wani abu. Makon tela ya zo, amma allo yana ƙofar Kawu. Makon mai gyaran takalmi ya zo, allo bai motsa ba. Ban faɗa wa kowa ba, amma Baba yana da ido. Ya je ya tsare tela.

"Ina allonka?"

Tela ya ci gaba da taka keke, bai ɗago ba. "Shugaba, ni me zan yi da allo? Wa ya taɓa ba da ɗinki yana jiran mota? Ƙanin matarka ya ce in bar masa makona, shi kuma zai riƙa yi min cajin waya kyauta. Ni na ga riba, shi ya ga riba."

"Rabon jama'a ka sayar?"

"Ba nawa ba ne? Kai ka ba ni."

Da yamma Kawu ya zo benci yana washe baki. "Ranka ya daɗe, ka raba daidai, mun gode. Mu kuma mun kai shi inda ya fi amfani. Ka ga ni da kai in muka haɗa kai ba ƙaramin abu za mu yi ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe zan kawo masu abu."

Ya sa rigarsa mai guga, ya hau bas ɗin da kansa, ya tafi ofishin kamfani. Ya dawo yana tafiya kamar wanda aka mayar wa aiki. Ya ce ya yi bayani, sun saurara, har shayi aka ba shi. Gwamnati tana zuwa, kuma in ta zo za ta sa hannu a kan tsarin kwamiti, kowa ya shiga taitayinsa.

"Ta zo ɗin," in ji Kawu. "Jikokina za su tare ta."

Abin mamaki, ta zo. Wata safiya, daidai makon da allo ya dawo ƙofarmu a karo na farko, wata farar mota ta tsaya. Ma'aikata suka sauko da diga da buhun siminti, da wata mata mai hular kwano riƙe da abin awo. Baba ya fito da sauri har takalminsa ɗaya yana ja. Ya waiwayi Kawu sau biyu don ya tabbata yana gani.

Matar ta gaishe shi da ladabi, ta saurari bayanin mako-mako har ƙarshe. Sannan ta dubi allon, ta dubi kwanar, ta ce, "Baba, tasha ba ta yawo. Wuri ɗaya za mu kafa ta."

"To, ai shi ke nan," in ji Baba. "A nan take tun asali."

"A nan kuma? Baba, ai kai ka fi ni sani. Bas ba ta tsayawa a kan kwana. Na bayanta ba ya ganinta sai ya zo kanta."

Baba ya juya ya dubi kwanar. Ya sani. Shekaru ya yi yana faɗa wa sababbin direbobi wannan maganar. Bai dai taɓa tunanin kwanar da ake nufi har da tamu ba.

Suka ja abin awo daga kwana, suka wuce ƙofarmu, suka wuce gidan maƙwabta, suka tsaya a jikin doguwar katangar wani sito, inda babu shago babu bishiya babu inuwa. Nan suka haƙa rami, suka fasa tayar, suka dasa ƙarfen, suka zuba siminti. Kafin azahar sun tafi. Kawu ya je ya dafa allon ya girgiza. Ko gezau.

"To, Gwamnati," ya ce, amma muryarsa babu tsokana sosai, "ga gwamnati ta zo."

Wurin ba shi da nisa da mu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Amma daga bencin Mama ba a ganin babban titi, bangon shagon ya tare. Sai dai kawai ka ga bas ta ɓullo daga kwana ta wuce ka, kafin ka tattara kayanka ka kai katanga ta tashi. Saboda haka babu mai yarda ya zauna. Mutane suka jeru a jikin katangar sito cikin rana, masu jaka sun ɗora a ka, suna hango inuwarmu muna hango su.

Mama ba ta yi wa Baba faɗa ba, wannan ya fi damunsa. Kwana biyu tana zaune tana kallon mutanen katanga. A na uku ta ce, "Auta, dubi wuyansu."

Na duba. Kowa ya juya kai yana leƙen kwana.

"Ba allo suke so ba. So suke su san tana zuwa."

Ta ɗauki lema ta fita ta tsaya a bakin kwana, inda ake ganin babban titi har can sama. Ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, ku zo ku zauna a inuwa! In ta taho zan faɗa muku!" Da farko wata tsohuwa ce kawai ta zo, mai zuwa asibiti, ta ce ita ko bas ta wuce ta gaji. Da Mama ta hango motar ta yi kira, "Ga ta nan!" tsohuwar ta tashi a hankali, ta taka har katanga, ta isa kafin bas. Washegari benci ya cika.

Ciniki ya ɗan dawo, amma ni ce a kan kanta, ni kuwa ban iya hira ba. Mutum zai sayi sukari ya tsaya yana jiran a tambaye shi ya jikin maigida, sai in miƙa masa canji in ce na gode. Mama tana can cikin rana tana leƙe. Idonta kuma ba na da ba ne. Sau biyu ta tashi benci duka saboda tankar ruwa, mutane suka dawo suna dariya suna cewa, "Maman Auta, wannan sai dai mu hau mu yi wanka." Ita ma ta yi dariya, amma da yamma sai na ga ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya kwanta a cikin nama.

Ran nan muna cin abinci ta ce, "Na gwada. Ba zan iya tsayuwar titi ba, kuma ba don in tsaya a titi na buɗe shago ba. In kayan da ke ciki suka ƙare ba zan saro ba."

Kawu, wanda ya shigo gaisuwa aka sa masa hannu a kwano, ya ajiye cokali.

"Yaya, akwai wata 'yar kyamara da ake haɗawa da waya, zan iya kawo miki a kan sari..."

"In an ɗauke wuta fa?"

Baba ko ɗago kai bai yi ba. Tun ranar siminti bai ƙara cewa gwamnati ba, Kawu ma bai ƙara cewa gasa ba, bencin yamma ya zama kamar zaman makoki. Ban taɓa zaton zan yi kewar gardamarsu ba.

Da safe na shiga falo zan share, na tarar da Baba tsaye a kan kujera da sukundireba a hannu. Ya kwance madubin. A bango sai wani fari fat mai siffarsa, inda fenti bai dushe ba. Ya sauko yana rungume da shi kamar jariri.

"Auta, je ki kira min mai walda. Ki biya ki ce wa kawunki ya zo da tsaninsa."

Kafin rana ta yi zafi an taru a ƙofar shago. Mai walda ya lanƙwasa wani ƙarfe ya yi masa hannu, ya liƙa a ƙusurwar rumfa ta bakin kwana. Kawu ya hau tsani riƙe da madubi, yana cewa, "Dukiyar gwamnati a hannun ɗan kasuwa. A ɗauke ni hoto."

"In ka yar da shi sai na sa an ƙwace shagonka an raba," in ji Baba.

Na ji wani sanyi a raina. Sun dawo.

Kawu ya ɗaure madubin ya ce Baba ya zo ya duba. Baba ya ce a'a, direba ba ya gyara madubi a tsaye. Ya je tsakiyar benci ya zauna, ya miƙe baya, ya ware ƙafa, hannuwansa suka tashi da kansu kamar akwai sitiyari a gabansa. Ya karkata kai.

"Turo shi waje. Ya yi yawa, dawo. Sunkuyar da kansa kaɗan, sama nake gani. Kai Jari, hannunka ba ya jin magana ne? Kaɗan na ce. Tsaya! Ɗaure nan."

Na zagaya bayansa na duba. Ga babban titi gaba ɗaya a cikin madubi, ya taho daga can sama siriri, da motocinsa da masu kekuna da bishiyoyin gefe, duk sun ƙanƙance sun shigo ƙarƙashin rumfarmu. Mama ta fito tana goge hannu, ta zauna kusa da Baba, abin da ban taɓa ganin ta yi a waje ba. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, madubinka ne fa."

"Na aiki ne," in ji Baba. "Ya daɗe bai yi ba."

Can sai wani ɗan abu kamar ƙwaro ya ɓullo a saman madubin, yana girma a hankali. Tsohuwar nan mai zuwa asibiti ce ta riga kowa. "Ga ta nan!" Benci ya tashi, babu gudu babu ture-ture. Wani ma sai da ya tsaya ya karɓi canjinsa ya ƙirga. Suka taka zuwa katanga, bas ta lanƙwaso, ta tsaya a jikin allonta, suka hau. Direban ya hango madubin, ya hango Baba, ya danna oda sau biyu. Baba ya ɗaga masa hannu ɗaya, irin gaisuwar da suke yi in sun yi kiciɓis a hanya.

Mai walda ya yi tafi da safar hannunsa. Mama ta shiga ta buɗe firji ta raba wa kowa lemo, har tela da ya zo kallo.

Ba a gama shan lemon ba Kawu ya ce, "To ka gani. Gwamnati ta kafa ƙarfe a rana ta tafi. Wa ya kawo inuwa da dabara? 'Yar kasuwa."

"Madubin na wa? Motar ta wa? Titin da ke cikin madubin na wa?"

"Ya yi shekaru a falonka yana kallon rediyo. Sai da ya shigo kasuwa ya yi amfani. Yaya, shawara kyauta, ki sa kuɗin zama. Wanda bai sayi komai ba ya koma katanga."

"Ko kusa!" in ji Baba. "Benci ya zama na jama'a. Kwamiti zai zauna ya tsara..."

"Bencina ne," in ji Mama. "Ban taɓa tambayar kowa me ya saya kafin ya zauna ba, ba kuma yau zan fara ba. Kwamiti kuma in ya zauna min a kai, ina fasinja zai zauna?"

Kawu ya sosa ƙeya. "To Yaya, ko za ki bari in ja waya in sa wurin caji a jikin rumfar? Mai jira yana son caji."

"Ka sa. Amma ka daina sayar da biredi."

"Haba Yaya, gasa fa..."

"Ni na goya ka."

"Na daina."

Baba ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya juyo yana nemana. "Auta, ke kika yi jami'a. Tsakani da Allah, wa ya yi nasara?"

Na ce biredi ya kusa ƙarewa, bari in kira gidan biredi su ƙaro.

Sababbin fasinjoji suka fara taruwa, wata mai goyo, da wasu ma'aikata biyu, da wani mai ɗauke da fanka a kafaɗa. Mama ta dubi Baba da Kawu da suka baje a tsakiyar benci.

"Ku biyun nan, ina za ku?"

"Babu ko'ina."

"To ku tashi ku ba masu tafiya wuri."

Suka tashi suka koma jikin bango suka tsaya, suka ci gaba daga inda suka tsaya, yanzu a kan wa ya kamata ya riƙa goge madubin. Mama ta tambayi mai goyo ya haƙoran yaro, ta ce wa mai fanka ya ajiye kayansa kada kafaɗa ta riƙe. Sannan ta matsa ƙarƙashin madubin, ta yi ɗage, ta sami fuskarta a can gefensa kusa da bishiyoyin titi, ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalinta a hankali.

Baba ya gani. Ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Na san abin da zai ce, Mama ma ta sani, domin ba ta fasa ba, sai murmushi da take yi wa madubin. Ya tsaya da yatsa a sama. Can bayan kanta, a saman titi, ɗan ƙwaron nan ya sake ɓullowa.

"Ga ta nan!" in ji Baba.